Tsakanin Ƙisasi da Afuwa: Tarihin Ɗaurin Rai da Rai a Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Ɗaurin rai da rai hukunci ne wanda a yau kusan kowane Bahaushe ya san sunansa, ko da kuwa bai taɓa taka ƙofar kotu ba, domin yana yawan jin sa a labarun rediyo. Sai dai duk wanda ya bi diddigin tarihin shari'a a ƙasar Hausa zai tarar da cewa wannan hukunci baƙo ne. Kafin zuwan Turawa, wanda aka tabbatar ya yi kisan ganganci ɗayan abu biyu ke jiran sa: ko dai a kashe shi, ko kuwa dangin mamaci su yafe masa jini. Babu wata matsaya ta uku inda za a bar shi da ransa amma a raba shi da duniya har ya mutu.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun yadda wannan matsaya ta uku ta samu gindin zama a Arewacin Nijeriya, tun daga zamanin Daular Sakkwato zuwa dokar gidajen gyaran hali ta 2019. Za a nuna cewa shigowar ɗaurin rai da rai ya ɗauke ikon auna laifi da ikon yin afuwa daga hannun masu jini, ya danƙa su ga alƙali da gwamna. Saboda haka adalcin wannan hukunci ya dogara ne kacokan a kan ko waɗanda aka danƙa wa ikon suna aiki da shi.

2.0 Hukuncin Jini Kafin Zuwan Turawa

Bayan jihadin 1804, alƙalan ƙasar Hausa sun riƙa yanke hukunci bisa mazhabar Malikiyya, suna dogara da littattafai irin su Risala da Muhtasar da Tuhfa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Haɓe a cikin Kitabul Farƙi saboda karɓar dukiyar mai laifi a maimakon zartar masa da hukuncin da shari'a ta tanada. Ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano domin shiryar da masu mulki kan yadda za su tafiyar da al'amuran jama'a, har da na shari'a.

A wannan tsari kisan kai iri biyu ne, wato na ganganci da na kuskure. Na kuskure diyya ake biya, kuma dangin mai kisan ta wajen uba ne ke ɗaukar nauyinta. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Na ganganci kuwa hukuncinsa ƙisasi ne. A nan akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su, domin su ne daga baya suka zama tushen taƙaddama da Turawa.

Na farko, ma'anar ganganci a wajen malaman Malikiyya tana da faɗi ƙwarai. Duk wanda ya kai wa wani duka cikin fushi ko gaba, da takobi ne ko da sanda, wanda aka buga kuma ya mutu, to ganganci ne. Ba a tambayar ko mamacin ne ya fara tsokana, ko kuwa ran mai kisan ne ya ɓaci har idonsa ya rufe. Na biyu, ƙisasi haƙƙin magadan mamaci ne. Su ke nema, su ke iya yafewa, ko dai kyauta ko a kan wata dukiya da aka daidaita. Idan suka yafe, abin da ya rage na hukuma shi ne bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Inda afuwarsu ba ta aiki shi ne kisan gilla, wato a yaudari mutum a kai shi inda ba mai ceto a kashe shi domin abin hannunsa, da kuma kisan da ɗan fashi ya yi a kan hanya. Waɗannan biyu haƙƙin al'umma ne, kuma sarki ne ke tsayuwa a kansu.

Wannan ba ya nufin babu kurkuku. Kowace babbar masarauta tana da gidan yari, ga mari ga turu, ga dogarai masu tsaro, ga kuma hauni mai zartar da hukuncin kisa. Amma yawanci aikin gidan yari shi ne tsare wanda ake tuhuma kafin a gama shari'arsa, da matsa wa mai taurin bashi, da ladabtar da wanda sarki ya ga ya cancanci ta'aziri. Ɗan fashin da bai yi kisa ba ana iya korar sa zuwa wani gari a tsare shi can har sai tubansa ya bayyana. Ko a wannan ma, tuba ce iyakar ɗaurin. Ba a ƙulla shi da ranar mutuwa ba.

3.0 Doka Biyu a Ƙasa Ɗaya

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris na wannan shekara. Gwamna Lugga, wanda ba shi da isassun ma'aikata, ya bar kotunan alƙalai da na sarakuna suka ci gaba da aiki a ƙarƙashin dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906. Ya hana yanke hannu da duk wata azaba da ya ce ta saɓa wa tausayi, sa'an nan aka kasa kotunan daraja huɗu. Masu daraja ta ɗaya, waɗanda yawancinsu majalisun manyan sarakuna ne, suna da ikon yanke hukuncin kisa, amma ba a zartarwa sai Gwamna ya sa hannu bayan Razdan ya duba takardun shari'ar.

A gefe guda kuma, a 1904 Lugga ya kafa wa kotunan Turawa kundin laifuffuka wanda aka fi sani da Kiriminal Kod. An kwaikwayo shi ne daga na jihar Kwinsland ta ƙasar Ostireliya na 1899, kuma a 1916 aka shimfiɗa shi a kan Nijeriya baki ɗaya. Ta wannan kundi ne ɗaurin rai da rai ya fara shiga rubutacciyar dokar Arewa. Kundin ya raba kisan kai na da gangan gida biyu. Wanda ya yi kisa da niyya, cikin hayyacinsa, hukuncinsa rataya, kuma yafewar dangi ba ta da wani tasiri. Wanda kuwa aka tunzura farat ɗaya, ya yi kisa kafin zuciyarsa ta huce, laifinsa ya sauko zuwa mataki na biyu, inda ƙarshen hukunci shi ne ɗaurin rai da rai, alƙali kuma yana iya yanke ƙasa da haka.

Da haka sai ƙasa ɗaya ta kasance da sikeli biyu. Mutumin da ya shirya kisa ya aikata, in shari'arsa ta faɗa gaban sarki, magada kuma suka yafe, bulala da ɗauri ne rabonsa, alhali a kotun Bature da sai a rataye shi. Wanda kuwa aka tunzura ya yi kisa cikin zafin rai, in ya faɗa gaban sarki magada suka ce sai jini, to ya mutu, alhali a kotun Bature da ya tsira da ransa. Hausawa kan ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. A wancan zamani kam, ƙofar kotun da aka shigar da mutum ita ke nuna abin da za a haifa.

4.0 Shari'ar Tsofo Gubba

Wannan saɓani ya daɗe a kwance, domin da farko Kiriminal Kod ya fito fili ya keɓe kotunan gargajiya daga bin sa. A 1933 aka yi wa sashe na 4 na kundin gyara aka cire wannan keɓancewa, amma kotunan sarakuna suka ci gaba da aiki kamar da. Sai a 1947 ne ɓoyayyen ciwon ya fashe.

Kotun Sarkin Gwandu ta sami wani mutum mai suna Tsofo Gubba da laifin kisan ganganci, ta yanke masa hukuncin kisa bisa Malikiyya. Bayanan shari'ar sun nuna cewa an tunzura shi, ta yadda a ma'aunin Kiriminal Kod laifinsa bai kai na rataya ba. Ƙara ta kai gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, ita kuwa ta soke hukuncin. Hujjarta ita ce, tun daga gyaran 1933, duk aikin da yake laifi ne a cikin kundin, to da kundin za a auna shi, ko a gaban wace kotu aka kai shi.

Wannan hukunci ya girgiza masarautun Arewa, domin ma'anarsa ita ce alƙalai sun shafe shekara goma sha huɗu suna shari'ar manyan laifuffuka da dokar da ba ita ce ke aiki ba. Sarakuna da malamai suka ɗauke shi a matsayin saɓa alkawarin da Lugga ya yi na cewa ba zai taɓa addini ba. Gwamnati ta yi hanzarin yin sabuwar doka a 1948, wadda ta mayar wa kotunan gargajiya ikon aiki da shari'arsu, amma ta ba kotunan sama damar sassauta hukunci. Aka sake yin kwaskwarima a 1951 da 1956. A 1957, a shari'ar Maizabo da En'e ta Sakkwato, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta yanke cewa kotun gargajiya tana iya samun mutum da laifi bisa shari'ar Musulunci, amma ba za ta ɗora masa hukuncin da ya zarce wanda Kiriminal Kod ya tanadar wa irin wannan aiki ba. Wato alƙalin da ya karanta Muhtasar sai ya tabbatar da ganganci da littafinsa, sa'an nan ya koma ya nemi batun tunzurawa a cikin littafin da bai karanta ba, wanda kuma aka rubuta da harshen da ba ya ji.

5.0 Final Kod da Sabon Ma'auni

Gabatowar mulkin kai ta sa dole a warware wannan ƙulli. Hukumar Wilink, wadda ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, ta saurari ƙorafin waɗanda ba Musulmi ba game da matsayin shaidarsu da na jininsu a gaban alƙalai. Gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ta aika wakilai zuwa Sudan da Libiya da Pakistan domin su ga yadda ƙasashen Musulmi ke tafiyar da shari'ar laifuffuka. A 1958 kuma ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. A cikin kwamitin akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Andasan daga Jami'ar Landan, da Wazirin Barno Shettima Kashim, da Mista Peter Achimugu, da Babban Alƙalin Bida Malam Musa.

Shawarar kwamitin ce ta haifar da Final Kod, wanda majalisar Arewa ta zartar a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, ana gobe za a karɓi 'yancin kai. An gina shi ne a kan kundin Sudan, wanda shi kuma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Sashe na 221 ya tanadi kisa ga mai kisan kai da niyya. Sashe na 222 ya jera halayen da ke sauko da laifin, ciki har da mummunar tunzurawa ta farat ɗaya, da wuce iyaka wajen kare kai, da faɗan da ya tashi ba shiri. Sashe na 224 kuma ya ce wanda laifinsa ya sauko haka ana iya yi masa ɗaurin rai da rai, ko ƙasa da haka, ko tara, ko duka biyun. Aka kuma tanadi ɗaurin rai da rai a matsayin ƙarshen hukuncin fyaɗe.

Ribar wannan sauyi a fili take. Irin su Tsofo Gubba sun sami ma'auni guda a kowace kotu, alƙali kuma ya sami fili mai faɗi, daga tara har zuwa rai da rai, inda zai auna nauyin laifi da halin da aka aikata shi. Amma akwai abin da aka rasa. Magadan mamaci, waɗanda a da su ke da wuƙa da nama, sun koma 'yan kallo. Abin da aka rage musu a dokar tafiyar da shari'a ta 1960 shi ne kotun gargajiya ta tambaye su ra'ayinsu kafin ta yanke hukuncin kisa, ta rubuta abin da suka faɗa, domin masu ba Gwamna shawara kan afuwa su gani. Diyya kuwa, wadda ke share wa marayu hawaye ta kuma kashe wutar gaba tsakanin gidaje biyu, ta fita daga cikin lissafi. Wanda aka ɗaure rai da rai ba ya ciyar da iyalinsa, balle iyalin wanda ya kashe. Da aka soke kotunan sarakuna, gwamnatin tarayya kuma ta karɓi gidajen yarin En'e a 1968, sai al'amarin fursuna ya bar hannun garinsu gaba ɗaya.

6.0 Zamanin Mulkin Soja

Filin da Final Kod ya buɗe wa alƙali bai daɗe ba mulkin soja ya fara tsuke shi a faɗin Nijeriya. Bayan yaƙin basasa makamai sun bazu, fashi ya yi ƙamari, sai gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Dokar Soja ta 47 ta 1970, wadda ta wajabta kisa ga duk wanda ya yi fashi da makami, ko ya kashe wani ko bai kashe ba. Kotuna na musamman ne ke shari'ar, babu ɗaukaka ƙara, ana kuma harbe masu laifi a bainar jama'a, kamar yadda aka yi wa Ishola Oyenusi a bakin teku a Legas a 1971. A ƙarƙashin wannan jerin dokoki, ɗaurin rai da rai ya zama rabon wanda ya yi yunƙurin fashi da makami bai samu nasara ba. Alƙali ba shi da ta cewa game da ƙuruciyar mai laifi, ko ƙanƙantar abin da aka ƙwace, ko kasancewarsa ɗan rakiya ne kawai.

Abubuwa biyu da suka faru a wancan zamani sun nuna amfanin hukuncin da ke barin mutum da ransa. A 1981 aka zartar wa Nasiru Bello hukuncin kisa a Jihar Oyo alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu ba a saurare ta ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kisan ya saɓa wa doka, ta ba iyalinsa diyya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Na biyu shi ne Dokar Soja ta 20 ta 1984, wadda ta tanadi kisa ga masu fataucin hodar ibilis, aka kuma mayar da ranar fara aikinta baya zuwa 31 ga Disamba, 1983. Ranar 10 ga Afrilu, 1985, aka harbe samari uku a Legas, wato Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta mayar da hukuncin wannan laifi ɗauri. Tsakanin kabarin waɗancan samari da ɗakin kurkukun waɗanda aka kama bayansu, 'yan watanni ne kawai.

7.0 Daga 1999 Zuwa 2019

Da aka koma mulkin farar hula a 1999, shari'ar fashi ta koma manyan kotuna tare da damar ɗaukaka ƙara. Tsarin mulkin wannan shekara ya ba Shugaban Ƙasa ikon afuwa a sashe na 175, ya ba gwamnoni a sashe na 212. A watan Janairu na 2000 Jihar Zamfara ta fara aiki da kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci, jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu, ƙisasi da diyya da afuwar magada suka dawo cikin rubutacciyar doka ga Musulmi. Da haka Arewa ta sake samun sikeli biyu, ko da yake a wannan karo dukkansu rubutattu ne.

Wani sabon al'amari kuma ya ɓullo, wanda babu dokar da ta tsara shi. Kotuna sun ci gaba da yanke hukuncin kisa, domin a laifuffuka da dama doka ba ta ba su zaɓi ba, gwamnoni kuwa suka riƙa ƙin sa hannu a takardar zartarwa, ba su kuma sassauta hukuncin ba. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa don nazarin hukuncin kisa ya ba da shawara a 2004 cewa a dakatar da zartarwa, a mayar da hukuncin waɗanda suka ƙare ɗaukaka ƙara zuwa ɗaurin rai da rai, amma ba a mayar da shawarar doka ba. In ban da waɗanda aka rataye a Jihar Edo a 2013 da 2016, zartarwa ta yi ƙaranci ƙwarai, har masu jiran kisa suka haura 3,000 a 2023. Waɗannan mutane suna cikin wani ɗaurin rai da rai wanda babu alƙalin da ya yanke musu shi, ga kuma fargabar igiya kullum safiya.

Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka. Ta ba Babban Jojin jiha ikon mayar da hukuncin kisa zuwa ɗaurin rai da rai idan mutum ya ƙare ɗaukaka ƙara kuma shekara goma ta wuce ba a zartar ba. Ta kuma shigo da sakin talala da aikin al'umma da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta. Wannan sulhu, in an lura, ɗan'uwa ne ga abin da masu jini ke yi a zauren alƙali tun kafin 1903.

8.0 Kammalawa

An ga yadda ɗaurin rai da rai ya shigo Arewacin Nijeriya ta Kiriminal Kod a 1904, ya zama ruwan dare ta Final Kod a 1960, bayan shari'ar Tsofo Gubba ta tona saɓanin da ke tsakanin ma'auni biyu. Amfaninsa shi ne ya ba alƙali damar bambance mai kisan gilla da wanda zuciya ta ɗiba, ya kuma bar ƙofar gyara a buɗe idan kotu ta yi kuskure ko doka ta sauya. Illarsa ita ce ya nesanta dangin mamaci daga shari'ar jininsu, ya kuma bar makomar fursuna a hannun masu mulki. Wanda aka yanke wa shekaru ƙidayayyu yana iya samun rangwamen sulusi idan ya nuna ɗa'a, ya kuma san ranar fitarsa. Mai rai da rai kuwa ba shi da rana, sai dai in kwamitin afuwa ya tuna da shi.

Darasin wannan tarihi shi ne, a tsohon tsari akwai sanannen mutum da za a je a durƙusa wa a nemi afuwa, kuma amsarsa tana zuwa cikin ƙanƙanen lokaci. A sabon tsari ikon yana hannun ofisoshi, saboda haka sai an ɗaure su da ƙa'ida. Ya kamata majalisun dokoki su ƙayyade shekarun da in mai rai da rai ya cika dole a sake duba al'amarinsa, a saurari magadan mamaci a wannan zama, a kuma rage laifuffukan da doka ke ɗaure hannun alƙali a kansu. Hausawa sun ce in da rai da rabo. Aikin doka ne ta fayyace rabon da ya rage wa mutumin da ta zaɓi ta bar shi da ransa.